Tafi-da-Gidanka: Rayuwar Amurkawan da Suka Mayar da Mota Gida

Quartzsite ƙaramin gari ne a hamadar jihar Arizona, kudu maso yammacin Amurka. A ƙidayar 2020 mazaunansa ba su cika 2,500 ba. Da bazara zafinsa yakan haura digiri 43, shaguna da dama su rufe, gari ya yi tsit. Amma da zarar hunturu ya kama arewa, ƙanƙara ta fara toshe hanyoyi a Minnesota da Montana da Kanada, sai motoci su yi ta kwararowa ba dare ba rana. A watan Janairu, lokacin da kasuwar duwatsu masu daraja da ta kayan motoci ke ci, ɗaruruwan dubban mutane ne ke ratsa garin, hamadar da ke kewaye da shi ta cika da fararen motoci iyakar ganin ido.

Garin ya saba da matafiya tun asali. A tsohuwar maƙabartarsa akwai kabarin Hadji Ali, wani gwanin raƙuma daga ƙasashen Daular Usmaniyya, wanda sojojin Amurka suka ɗauko a 1856 lokacin da suke gwada sufuri da raƙuma a hamada. A nan ya rasu a 1902, daga baya aka gina dala ta duwatsu a kan kabarin, da siffar raƙumi a ƙololuwarta. Ayarin da ke yada zango a Quartzsite yanzu na motoci ne, kuma motocin gidaje ne.

Amurkawa na kiran su RV. Wata doguwa ce kamar bas ta safa, da falo da kicin da makewayi da ɗakin kwana a cikinta. Wata tirela ce da ake ja da a-kori-kura. Wata kuwa tsohuwar motar kai kaya ce da mai ita ya shimfiɗa wa katako ya ɗora katifa. Mafi yawan masu su baƙin hunturu ne, waɗanda za su koma gidajensu idan ƙanƙara ta narke. Amma akwai waɗanda ba su da wani gidan komawa. Duk abin da suka mallaka a duniya yana cikin motar, kuma duk inda suka kashe injin da daddare, nan ne gida.

Hotunan da ake watsawa a Instagram da YouTube sukan nuna ƙofar mota a wangale, ga tafki, ga rana tana faɗuwa, ga kofin shayi a hannu. Akwai ranaku irin waɗannan, kuma su ne ke riƙe mutane da yawa a kan hanya. Sai dai wanda ya rabu da gini ya huta da kuɗin haya ne kawai. Yana nan da bukatar ruwa, da wuta, da ƙasar da zai tsaya a kai, da adireshin da hukuma za ta san shi da shi, da mutanen da za su tallafe shi ranar da jiki ya gaza. Mazaunin gini a Amurka yakan samu yawancin waɗannan ba tare da ya tuna da su ba. Mazaunin mota sai ya fita nemansu ɗaya bayan ɗaya.

Masu sha'awa da waɗanda dole ta sa

Yawo da kwana a mota ya daɗe a Amurka. Tun 1919 masu irin wannan yawo suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a birnin Tampa na jihar Fulorida. A shekarun 1930 Wally Byam ya fara ƙera tirelolin Airstream masu ƙyalli, waɗanda har gobe ake yayinsu. Yau cibiyar sana'ar tana Elkhart a jihar Indiyana, inda ake haɗa mafi yawan irin waɗannan motoci. A 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun jirgin sama da otel, kamfanoni sun fitar da sama da 600,000 a shekara guda, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Ƙungiyar masu masana'antar ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin Amurkawa miliyan ɗaya ne suka mayar da irin waɗannan motoci mazauninsu na dindindin.

Waɗannan mutane ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai ma'aurata masu hali da suka yi ritaya, suka sayar da gida, suka sayi motar da kuɗinta kan kai ɗaruruwan dubban daloli, suna zagaya wuraren shaƙatawa na ƙasa yadda suka ga dama. Akwai matasa masu aiki ta intanet, waɗanda suka ƙaru bayan korona, musamman da Starlink ya fito da na'urar intanet ta tauraron ɗan'adam don masu motoci a 2022. Akwai iyalai masu koyar da 'ya'yansu karatu a kan teburin cin abinci na mota.

Sai kuma kashi na ƙarshe, waɗanda ba su cika fitowa a hotuna ba. Rushewar kasuwar gidaje ta 2008 ta raba miliyoyin iyalai da muhallinsu, ta cinye ajiyar tsufa ta mutane da yawa da suka haura shekara 50, a lokacin da samun sabon aiki ya yi musu wuya. A farkon 2011 kamfanin United States Gypsum ya rufe masana'antarsa ta garin Empire a jihar Nevada bayan shekara 88 tana aiki. Da yake gidajen garin na kamfanin ne, sai mazauna suka watse, har lambar gidan waya ta garin aka soke. 'Yar jarida Jessica Bruder ta shafe shekaru tana bin irin waɗannan mutane a cikin tata motar, ta fitar da littafin Nomadland a 2017. Fim ɗin da Chloé Zhao ta yi a kansa ya lashe kyautar Oscar uku a 2021, kuma wasu daga cikin mazauna motar, irin su Linda May da Swankie da Bob Wells, su suka fito a matsayin kansu.

Lissafin da ke kai tsoho ga mota ba shi da wuyar ganewa. A farkon 2024 matsakaicin fanshon gwamnati na wata-wata yana wajen dala 1,900, kuma wanda ya ƙare rayuwarsa a aikin ƙaramin albashi, ko macen da ta yi shekaru tana reno a gida, abin da ke shigo musu bai kai haka ba. A manyan birane da dama hayar ɗaki da falo kaɗai tana iya lashe wannan kuɗi ƙarƙaf. Idan mutum ya duba abin da ke fita daga aljihunsa, haya ce babba, kuma ita kaɗai ce zai iya yankewa gaba ɗaya. Da babu gara ba daɗi. Duk da haka yawancinsu ba sa yarda a sa su a sahun marasa muhalli, domin a ganinsu suna da ƙofar kullewa, da gado, da murhu, da ikon tashi duk lokacin da suka so.

Ruwa, wuta da tankin ƙazanta

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa Ba'amurke ɗaya yana amfani da ruwan da ya haura lita 300 a gida kowace rana. Tankin motar tafi-da-gidanka mai matsakaicin girma ba ya ɗaukar abin da ya wuce wannan da yawa, kuma da shi ake so mutum biyu su yi mako ko fiye. Masu ƙananan motoci jarkoki suke ɗauka. Don haka kowane ɗigo da lissafinsa. Mai wanka zai buɗe famfo ya jiƙa jiki, ya rufe, ya saɓa sabulu, ya sake buɗewa ya ɗauraye cikin hanzari. Ana share kwano da takarda kafin a sa masa ruwa. Waɗanda motarsu ba ta da wurin wanka sukan yi rajista da gidan motsa jiki mai rassa a faɗin ƙasar, don ruwan zafinsa kawai, ko su biya kuɗin wanka a gidajen man direbobin manyan motoci.

Ruwan da ya shiga kuma dole ya fita. Ƙarƙashin motar akwai tanki biyu, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bahaya. Idan sun cika, mai gida zai ja motarsa zuwa wurin zubarwa, ya bi layi, ya biya 'yan daloli. Zai sa safar hannu ta roba, ya zaro wani kakkauran tiyo, ya murɗa baki ɗaya a jikin mota, ya cusa ɗayan a ramin da ke ƙasa, ya danne shi da dutse kada ya fizge. Sai ya fara jan sakatar tankin bahaya. Idan ya gama tsiyayewa, sannan ya ja ta ruwan wanke-wanke, don ruwan sabulu ya ɗauraye tiyon. Attajiri mai motar alfarma da tsohuwar da ke jan 'yar tirela duk a wannan layi suke haɗuwa. Masu ƙananan motoci kuwa bokiti ne da leda da garin katako, sai sun sami inda doka ta yarda su zubar.

Wuta ma haka take. A sansanin biyan kuɗi ana jona mota da lantarki. A daji sai farantan sola a kan rufi da batura a ƙarƙashin gado. Sukan ɗauki fitila da firji da cajin waya da kwamfuta, amma na'urar sanyaya ɗaki ta fi ƙarfin yawancinsu, sai da janareta. Kwana uku na hadari ya isa ya sa mutum ya fara zaɓar abin da zai kashe, kuma ga dattijon da ke barci da na'urar taimaka wa numfashi, wannan zaɓi ba na wasa ba ne. Girki da ɗumama ɗaki da iskar gas ake yi. Bangon mota siriri ne, sanyi na ratsa shi, numfashi da tururin girki su taru a jikin taga, su jiƙa katako, ya fara funfuna. Idan sanyi ya tsananta ruwan cikin bututu yakan daskare ya fasa shi. Wanda ya toshe ko'ina ya kunna murhu don ya ji ɗumi kuma yana cikin haɗarin iskar guba mara wari da ke kashe mutum a cikin barci, shi ya sa ƙararrawar gano ta ke cikin kayan da ba a sakaci da su.

Ina za a kwana yau?

Wannan ita ce tambayar da ke bin mazaunin mota kullum da la'asar. Sansanonin 'yan kasuwa suna da ruwa da wuta da tsaro, amma kwana ɗaya sau da yawa yakan haura dala 50, wanda a wata ya kamo kuɗin hayar da aka gudu. Da yawansu kuma ba sa karɓar motar da ta wuce shekara 10 da ƙerawa, ƙa'idar da ke rufe ƙofa ga talaka tun kafin ya yi magana.

Abin da ya sa wannan rayuwa ta yiwu ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne filayen gwamnatin tarayya. Hukumar kula da filaye ta BLM tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, akasari a yammacin ƙasar, faɗin da ya ɗara Najeriya gaba ɗaya. A mafi yawan wannan fili, da kuma dazuzzukan gwamnati, mutum na iya yada zango kyauta, amma na kwana 14 kawai, sannan ya tattara ya yi nisa. Babu famfo, babu makewayi, babu mai kwashe shara. A kudancin Quartzsite akwai yankin La Posa, inda aka yarda a zauna daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu da izini ɗaya. Shekaru da dama kuɗin izinin ya kasance dala 180 na watanni bakwai ɗin, tare da famfon ruwa da wurin zubar da ƙazanta da shara. Ga wanda ke rayuwa da ɗan fansho, wannan ne ya sa hamadar ta zama mafaka.

Idan Afrilu ya shiga zafi yakan kore kowa. Mazauna mota sun san cewa duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kimanin digiri 6, don haka sai su haura tuddai, kamar dazuzzukan da ke kewaye da Flagstaff mai tsayin kusan mita 2,100. Da kaka su sake gangarowa. Tafiyar ba ta da arha. Babbar motar gida tana shan lita ɗaya a kilomita uku ko huɗu, kuma a Yunin 2022 matsakaicin farashin galan ɗin fetur a Amurka ya haura dala 5 a karon farko. Shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi ba su cika yawo ba. Sukan matsa ne gwargwadon abin da doka da yanayi suka tilasta.

A cikin gari lamarin ya fi tsauri. Wasu rassan Walmart suna barin matafiyi ya kwana dare ɗaya a filin ajiye motocinsu, idan manaja ya yarda kuma dokar garin ba ta hana ba, amma irin waɗannan wurare suna raguwa. Mai kwana a gefen titi yakan zo bayan duhu, ya toshe tagogi kada haske ya fita, ya rage motsi, ya tashi kafin gari ya waye. Abin da kowa ke tsoro shi ne ƙwanƙwasar tsakar dare: ɗan sanda ko mai gadi da tocila, yana cewa a tashi a bar wurin.

Kotuna sun sha shiga maganar. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke dokar birnin Los Angeles da ta haramta mayar da mota wurin zama. Amma a Yunin 2024, a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 ta ce birane na iya hukunta masu kwana a wuraren jama'a, ko da babu gadon da za a ba su a gidajen marasa galihu. Mazauna unguwanni ma suna da tasu hujjar, domin akwai masu motocin da ke barin shara, da zubar da ƙazanta a kwata, da tayar da gobara a daji, kuma laifin 'yan kaɗan ya sa an rufe wuraren da dubbai ke amfana da su. Sai dai kora ba ta rage yawan masu kwana a mota, tana tura su ne zuwa titi na gaba. Birnin Santa Barbara na Kalifoniya ya gwada wata hanya tun 2004: filayen coci-coci da ofisoshi da ke zama wayam da dare ana buɗe su ga masu kwana a mota, da rajista, da makewayi, da jami'an da ke taimaka musu neman gida. Garuruwa da dama sun kwaikwayi wannan tsari.

Adireshi da asibiti

A Amurka kusan komai yana rataye da adireshi: lasisin tuƙi, rajistar mota, inshora, asusun banki, haraji, katin zaɓe. Wanda ba ya zama wuri ɗaya dole ya zaɓi jihar da zai ce ita ce tasa a gaban doka. Jihohi uku suka fi farin jini, Teksas da Fulorida da Dakota ta Kudu, saboda ba sa karɓar harajin albashi kuma suna amincewa da adireshin kamfanonin karɓar wasiƙu. Dakota ta Kudu ta yi suna da cewa rasit ɗin kwana ɗaya a otel ko sansani yana cikin abin da ake nema don ba da lasisin tuƙi. A garin Livingston na Teksas, ƙungiyar Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, tana karɓar wasiƙun dubban mambobinta, ta tura musu duk inda suke. A takarda dukkansu mazauna titi ɗaya ne, kuma 'yancinsu na jefa ƙuri'a a wurin da ba sa kwana ya sha jawo gardama.

Lafiya ta fi wannan ɗaure kai. Wanda ya kai shekara 65 yana shiga inshorar gwamnati ta Medicare, wadda asalin tsarinta ke aiki a kowace jiha. Wanda bai kai ba, inshorarsa galibi tana ɗaure da asibitocin jiharsa, in ban da taimakon gaggawa. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke bukatar likita ɗaya ya riƙa bibiyarsa yakan tsara tafiyar shekara gaba ɗaya bisa ranakun ganin likita. Asalin tsarin Medicare kuma bai ɗauki nauyin gyaran haƙori na yau da kullum ba. Wannan ya sa da hunturu dubban dattawa ke ajiye motocinsu a bakin iyaka kusa da Yuma, su taka da ƙafa zuwa Los Algodones a Meziko, ƙaramin gari mai ɗaruruwan likitocin haƙori, inda ake cike haƙori da yanka tabarau da sayen magani a kan kuɗin da bai kama ƙafar na Amurka ba.

Aikin da ke bin kaka

Fansho ba ya isa, don haka da yawa suna aiki, kuma tsarin aikinsu ya yi kama da cin rani: ana bin lokaci, a tafi inda aiki ya buɗe, a tara abin da za a ci a watannin da babu. Da bazara sukan zama masu kula da sansanonin daji, su karɓi kuɗin baƙi, su wanke makewayi, su kwashe toka, a biya su ɗan albashi tare da wurin ajiye mota kyauta. A watan Oktoba sai su nufi kwarin Red River da ke tsakanin Dakota ta Arewa da Minnesota, wurin girbin wani tushe da ake tatsar sukari daga gare shi. Awa 12 ake yi a tsaye cikin sanyi, wasu da rana wasu da dare, har a gama. Wasu na sayar da itatuwan Kirsimeti, wasu na gadin ƙofar rijiyoyin mai a Teksas.

A 2008 kamfanin Amazon ya fara shirin CamperForce, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar mazauna mota aiki a rumbunansa lokacin cinikin ƙarshen shekara, yana biya musu kuɗin sansani. Bruder ta ba da labarin mutane masu shekara 60 da 70 da ke taka fiye da kilomita 20 a kan siminti a rana guda, suna duƙawa suna miƙewa, suna haɗiyar maganin ciwon jiki kafin aiki da bayansa. Masu ɗaukar aiki suna son irin waɗannan ma'aikata, domin sun zo da gidansu, ba sa makara, kuma suna tafiya da zarar aiki ya ƙare. Ma'aikacin kuwa ya san cewa duk abin da yake samu yana rataye da gwiwarsa da bayansa.

Ranar da mota ta tsaya

Gidan da ke gudun kilomita 100 a awa yana jijjiga daga rufi har ƙasa. Kusoshi na kwancewa, bututu na tsagewa, gam ɗin da ya toshe gefen rufi yana bushewa ya buɗe. Yoyon da bai kai a gan shi ba yana iya ruɓar da bango cikin watanni, shi ya sa duk wanda ya daɗe a harkar yake hawa rufi lokaci-lokaci da bututun gam a hannu. Masu sayen sababbi ma sun daɗe suna kokawa da aikin gaggawa, musamman a motocin da aka haɗa lokacin rububin korona.

Idan injin ya buga, asarar biyu ce, domin mota da gida ne suka tafi gareji tare. Jiran kayan gyara yakan ɗauki makonni, mutum yana biyan otel da kuɗin da ba shi da shi, ko yana roƙon makaniki ya bar shi ya kwana a harabar gareji. Gini yakan ƙara daraja da shekaru, mota kuwa darajarta zubewa take tun ranar da ta bar wurin dillali, ga bashin banki da kan kai shekara 15 ko 20. A watan Maris na 2020 an ga wani irin rauni kuma, lokacin da hukumomi suka ce kowa ya zauna a gida saboda korona, sannan suka rufe sansanoni da yawa, mutanen da sansani ne gidansu suka rasa inda za su nufa.

Zumuncin kan hanya

Bob Wells ya kasance ma'aikacin kantin kayan abinci a Anchorage ta jihar Alaska. A 1995, bayan mutuwar aurensa, albashinsa ya kasa ɗaukar gida biyu, ya koma cikin wata tsohuwar motar kaya. Ya sha faɗa cewa da baƙin ciki ya shiga, daga baya ya ga ya sami kwanciyar hankalin da bai taɓa samu ba. A 2005 ya buɗe shafin CheapRVLiving yana koya wa mutane dabarun wannan rayuwa. A Janairun 2011 ya kira taro a hamadar Quartzsite, ya sa masa suna Rubber Tramp Rendezvous. Mutum 45 suka zo. Kafin shekara 10 masu halarta sun kai dubbai.

Taron kyauta ne, kuma makaranta ce. Wanda ya iya haɗa sola ya koya wa wanda bai iya ba. Ana bayanin yadda ake tanadin ruwa, da inda ake samun aiki, da yadda ake magana da ɗan sanda. Akwai wurin da kowa ke ajiye abin da ba ya bukata, bargo ko tukunya ko takalmi, mai so ya ɗauka. Mata suna da nasu taron daban, inda ake maganar tsaro, domin da yawa daga cikin sababbin shiga mata ne da suka manyanta, kowace ita kaɗai a motarta. A 2018 Wells da Suanne Carlson suka kafa ƙungiyar agaji ta Homes on Wheels Alliance, wadda ke taimaka wa mabukata da mota ko kuɗin gyaran gaggawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a hamada wanda batirinsa ya mutu maƙwabcin da ya haɗu da shi jiya ne zai zo da waya ya tayar masa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina 'ya'yan waɗannan dattawa? Da yawa suna da su, suna kuma waya da juna kullum. Amma 'ya'yan ma haya ta shaƙe su. Linda May a kan kujerar falon 'yarta take kwana, a gidan da ya riga ya cika, kafin ta sayi 'yar tirelarta. Tarbiyyar Amurka kuma ta ɗora wa mutum kunyar zama nauyi a kan wani, ko da ɗan cikinsa ne. Farashin wannan shi ne kaɗaici: jikoki suna girma a hoton waya, ana biki da rasuwa mutum yana nisan kwana uku a mota, abokin da aka saba da shi a sansani kuma gobe kwanakinsa 14 sun cika.

Ajiye makulli

Kowane mazaunin mota ya san akwai ranar da ido zai raunana, ko hannu ya kasa ɗaga jarka, ko likita ya hana tuƙi. Mai hali yakan sayi fili ko ya koma gini. Wanda ya shiga mota don ba shi da kuɗin haya, ranar nan za ta same shi ba shi da kuɗin hayar har yanzu, ga motar ta tsufa. A Livingston, mambobin Escapees sun kafa cibiyar CARE tun farkon shekarun 1990, inda wanda rashin lafiya ko tsufa ya tsayar zai ci gaba da kwana a motarsa, ana ba shi abinci, ana kai shi asibiti, ana duba shi. Tsari ne mai mutunta ɗan'adam, amma mutanen da yake iya ɗauka kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da masu tsufa a kan hanya.

Mutanen nan sun nuna ƙwazo da dabara da taimakon juna da suka cancanci girmamawa, kuma da yawansu da gaske suke idan sun ce ba za su koma gini ba ko an ba su. Abin da suke bukata daga hukuma ba shi da yawa: wurin tsayawa da dare ba tare da fargaba ba, famfo da ramin zubar da ƙazanta a garuruwa, adireshin da doka ta amince da shi, da inshorar lafiya da ke bin mutum duk jihar da ya shiga. Ƙasa mai arzikin Amurka ba za ta gaza waɗannan ba. Babban aikin kuma shi ne samar da gidaje masu sauƙin haya, domin matar da ta yi shekara 40 tana aiki tana biyan haraji ta cancanci ta shiga mota don tana so, kuma ta sami ɗakin komawa ranar da ta gaji.